Yarinyar Gwaggo da Gidan Haya a Santambul

Istanbul, Turkiyya
Farkon Agusta

Zuwa ga baiwata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Lauwali da yara. Yaya Kazaure, yaya damina? Yaya ƙafar Gwaggo Tasalla, kumburin ya sauka? In kin je Roni ki durƙusa mini ki gaishe ta da kyau, ki gaida mutanen gida gaba ɗaya. Ni ma lafiya ƙalau, sai zafi mai danshi da ke manne wa mutum riga a baya.

Kin ce in daina turo miki saƙon murya, wai ina magana kamar mai tsoron a ji shi. To ga shi na rubuta a takarda, na ɗauki hoto na turo.

Na ji an buga wa mutanen gida biza, su biyun. Alhamdulillahi. Amma da sauran aiki. Bizar za ta mutu ƙarshen Oktoba, ɗakin da jami'a ta ba ni kuwa na maza ne zalla, ba inda zan sauke mace. Hukuma kuma ba ta ba iyali takardar zama sai ta ga yarjejeniyar haya da sunan mutum a jiki. In ban samu gida kafin lokacin ba, sai a koma farko, ni a nan su a can, shekara ta uku ke nan.

Neman gida a garin nan ba irin namu ba ne, da za ka gaya wa mai unguwa ko liman a nemo maka. Dillalai ne da ofisoshi, sun lilliƙa hotunan ɗakuna a gilashi. Garin kuma hawa da gangara ne, duwatsun Kazauren da kike taƙama da su wasan yara ne. Wani ya kai ni ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, taga ɗaya, ba abin da ake gani sai takalman masu wucewa da kyanwa. Wani a waya ya ce in zo maza, da ya buɗe ƙofa ya ga fuskata sai ya tuna ashe ɗan'uwansa ya riga ya kama. Na yi dariya a matakala, don in ban yi dariya ba ban san abin da zan yi ba.

Amma akwai gida ɗaya da ya shiga raina. Yana Uskudar, a tsallaken ruwa, sai an hau jirgi. Ɗaki biyu da falo, da baranda mai kallon teku, ga ɓaure a tsakar gida. Mai gidan wata tsohuwa ce, Nuriye, za ta yi sa'ar Gwaggo. A ƙasa take zaune, saman take bayarwa, kuma ba ta ba kowa sai mai iyali. Dillali ya gaya mata ni ɗalibin likitancin dabbobi ne kuma magidanci, ta ce a kawo ni ta gani.

Na yi duk abin da aka koya mana. Na cire takalmi tun daga waje, ban zauna ba sai da ta matsa, ban ɗaga ido na kalle ta ba. Ta kawo shayi a wani ɗan kofin gilashi, na ce na ƙoshi. Ta tambayi sunan mutanen gida, na sunkuyar da kai na yi murmushi. Ta ce in nuna mata hoto, na ce babu. Ta ce ina da 'ya'ya? Na ce a'a, sai dai akwai wata yarinya a wajen gwaggota. Ta kalli dillali, ta ce za ta yi tunani. Washegari ta aiko cewa ba za ta bayar ba.

Wannan shi ne tsoho na uku ko na huɗu da ya yi mini haka, kuma wallahi ban ga inda na yi kuskure ba. A taya ni da addu'a.

Ubangidanki,
Musaddiƙ

*

Kazaure
Tsakiyar Agusta

Zuwa ga ubangidana wanda ba shi da ko ɗaki,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ruwa ya zauna, gero ya fara fitar da kai. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har tana zuwa bakin rijiya tana yi wa yara faɗa. An aiko daga Gwiwa cewa saniyarka mai jan wuya ta haihu, mace.

Yanzu gyara zama.

Ranar Asabar na hau acaɓa na kai wasiƙarka Roni. Na tarar da Gwaggo a rumfa, Zulaikha tana tsintar shinkafa, 'yarka Uwa tana bin kaji da tsinke, ga Ma'u maƙwabciyarsu ta shigo aron turmi ta samu wuri ta zauna. Ni kuma da na ƙi karantawa tun a gida, sai na buɗe baki na yi ta zubowa. Ana ta dariyar ɗakin takalma da kyanwa. Da na kawo wajen da ka ce ba ka da 'ya'ya, sai Zulaikha ta ajiye tiren ta shige ɗaki.

Ma'u ta ce, “To, haka ake farawa. Namiji in ya ga fitilun birni sai ya koma saurayi.”

Gwaggo ta ce mata, “Ɗauki turminki.”

Na bi Zulaikha ɗaki. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, “Yaya Rahamatu, kunya a gaban Gwaggo na san ta. Amma a gaban baƙuwar da ba ta san mu ba, mene ne na cewa babu?”

Kai kuwa Musaddiƙ, ni da nake koyar da 'yan aji uku na gane, kai mai digiri biyu ka kasa? Ka zauna a kujerar tsohuwar nan ka duba. An kawo maka baƙo daga wata ƙasa, an ce yana da iyali. Bai san sunan matarsa ba, ba shi da hotonta, ya ƙi kallon idonka, ya ƙi shan shayinka, ya ce yarinyar ma ta gwaggonsa ce. Me za ka ce? Ni da ce ni, kafin ka kai ƙofa na ƙirga cokulana. Ta ɗauka tuzuru ne kai, ka haɗa baki da dillali don ka samu gida ka tara mata samari.

Ka koma ka buɗe baki ka yi magana irin ta mutane. Sunan matarka Zulaikha, in ka manta.

Baiwarka da ta fi ka hankali,
Rahamatu

*

Istanbul
Ƙarshen Agusta

Rahamatu,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin labarin saniya da na ƙafar Gwaggo.

Sauran kuwa ban ji daɗinsa ba. Wa ya ce ki karanta a gaban Ma'u? Kuma ke kin san gidan da na tashi. Baba har ya rasu ban taɓa jin ya kama sunan Yaya Abu ba, “wancan” yake cewa, kuma babu wanda ya ce ba ya son sa. Yarinyar nan ta fari ce, sunan Inna kuma ta ci. Kina so in zauna gaban mace sa'ar Gwaggo in buɗe baki in kama sunan mahaifiyata, in ce wai tawa ce? Ba a bakina ba.

Gidaje ba su ƙare a Istanbul ba. Zan samu wanda mai shi matashi ne, ko kamfani, inda takarda kawai za a duba. Ki gaya wa mutanen gida su kwantar da hankali.

Musaddiƙ

*

Kazaure
Ƙarshen Satumba

Musaddiƙ,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an fara yankan gero, gyaɗa ma ta yi kyau bana. Kai ne ba mu san lafiyarka ba. Wata guda ba wasiƙa, in an kira ka sai “lafiya lau, ina aji.” Na san ka tun kana yawo ba wando. Da ka samu gida da tuni ka cika mana kunne.

Batun Ma'u laifina ne, na karɓa. Amma shirun nan naka ya fi maganarta ciwo. Zulaikha ta sauke akwatin da ta ɗaure, ta mayar da kayan cikin sif. Ba ta ce wa kowa komai ba, ni na gani.

Na karanta wa Gwaggo wasiƙarka, mu biyu kawai. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce in ɗauki biro. Ga maganarta, ban ƙara ko ɗigo ba:

“Ki gaya wa yaron nan ni na koya masa kunya, kuma ban ce ya yar da ita ba. Amma kunyar ɗan fari ana yin ta ne a gaban waɗanda suka san ɗan naka ne. Ubansa ya ƙi kama sunan Abu, to duk Gwiwa wa bai san Abu ɗansa ba ne? Mu ma nan ko bai faɗa ba mun sani, mu muka ci naman sunan yarinyar. Can Santambul wa ya sani? In ya yi shiru a can, yarinya ba ta da uba ke nan a duk faɗin garin. Ya je ya faɗa. In da laifi, a kaina.”

Ga kuma 'yar takarda daga wadda ba ka san sunanta ba. Ban karanta ba. To, na karanta.

“Zuwa ga Malam. Ina gaisuwa. Ban yi fushi ba, na dai ji babu daɗi. Na sayi yadin labule tun kafin azumi, mai ruwan ganye, har yanzu ban yanka ba don ban san girman tagar ba. Ni ko ɗakin da ake ganin takalma ne zan zauna. Allah ya ba da sa'a.”

Ka ji. Saura kai.

Rahamatu

*

Uskudar
Makon farko na Oktoba

Zuwa ga baiwata mai dogon baki,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, lafiyar da rabona da irinta tun ina Roni. Dubi saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu.

Gaskiyarki ce, ban samu komai ba a watan nan. Gidajen kamfani sun fi ƙarfin ɗalibi, matasan kuma ba sa ma ɗaukar waya in sun ji harshen baƙo. Da saƙon Gwaggo ya zo na karanta shi a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na yadin labule kuwa ba zan gaya miki abin da ya yi mini ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sayi dabino na hau jirgin ruwa, ba dillali. Tun daga tashi har sauka ina tsaye a bakin ƙarfe ina maimaita maganar da Turkanci, ina gaya wa tsuntsayen teku. Wani dattijo da ke kusa da ni ya gaji ya ce, “Allah ya raya ta, ɗana,” ya matsa gaba.

Tsohuwa Nuriye tana share ganyen ɓaure na isa. Ta gane ni. Ta ce gidan ba na haya ba ne, alhali takardar tana nan manne a taga. Na ce, “Inna, ba gida na zo nema ba tukuna. Shayin da na bari rannan na zo sha.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta jingine tsintsiya.

Rahamatu, ashe a nan in ka shanye kofi sake cikawa ake yi, sai ka ɗora cokali a bakinsa ake sanin ka ƙoshi. Ban sani ba. Ina shanyewa tana zubawa, ina shanyewa tana zubawa, ni kuma na rantse yau ba zan ce na ƙoshi ba. Sai da na ji shayi yana kai-kawo a cikina kamar nono a ƙwarya, sannan na ajiye kofin, na ɗaga kai na kalle ta cikin ido. Gumi har cikin safa.

Na ce, “Inna, rannan ban faɗa miki gaskiya ba. Ina da mata. Sunanta Zulaikha.”

Ta ce, “To.”

Na ce, “Yarinyar da ke wajen gwaggota kuma tawa ce. 'Yata ce.”

Ta ce, “Sunanta?”

Na dubi kofin da ke gabana. Ta jira, ba ta taimake ni ba ko kaɗan. Na ce, “Khadijat. Sunan mahaifiyata ne, shi ya sa a gida Uwa ake ce mata.”

Na ciro waya na nuna mata hoto. E, akwai hoto, kada ki dame ni. Na ɓoye shi ne can cikin takardun karatu. Wanda aka ɗauka ranar Sallah ne, Uwa da lalle har gwiwar hannu tana ɓata fuska. Tsohuwa ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ce me ya sa na yi mata ƙarya. Da guntun Turkancina na yi mata bayanin yadda muke yi da ɗan fari a gaban manya. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta cire tabarau ta ce, “A ƙauyenmu ma haka ake yi da. Babana bai taɓa ɗaukata a gaban kakana ba. Na san yana so na, kowa ya sani. Amma da ya ɗauka.”

Ta tashi ta shiga ciki. Na zaci wani shayin za ta kawo, gabana ya faɗi. Sai ga ta da makulli.

Mun sa hannu ranar Litinin, na kai takarda inda ake kaiwa, an karɓa. Ta ce dokarta biyu ce: ba a jan kujera a kan katako da asuba, kuma ɓauren da ya faɗo na yarinya ne. Ki gaya wa Zulaikha tagar falo kamu huɗu ce a faɗi, tsawo kamu biyar, ta ɗaki ta ɗan fi ƙanƙanta. Ta yanka yadinta, ta sake ɗaure akwati.

Wajen da na kama sunaye, ki tsallake shi in za ki karanta wa Gwaggo. Ina roƙon ki.

Ubangidanki mai ɗaki biyu da falo,
Musaddiƙ

*

Kazaure
Tsakiyar Oktoba

Ranka ya daɗe mai baranda,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, an kai gero rumbu.

Na tsallake wajen kamar yadda ka roƙa. Sai Gwaggo ta ce, “Kin yi tsalle, koma baya.” To ni ba na saɓa wa uwata. Na karanta da ƙarfi yadda Ma'u za ta ji ta katanga. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, ban san dariya take ko kuka ba. Zulaikha ta gudu ɗaki, amma wannan karon keken ɗinki muka ji ya tashi, bai tsaya ba har la'asar.

Kayan da aka haɗa maka sai ka gani. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, man shanu daga Gwiwa. Malam Lauwali ya ce rabinsu ba za su wuce filin jirgi ba, Gwaggo ta ce a bar ta da ma'aikatan. Ta kuma ƙulla gyaɗa sabuwar cira daban, ta ce ta tsohuwar Santambul ce, a gaya mata 'yar'uwarta ta gode.

Abu ɗaya zan gaya maka ba da wasa ba. Uwa a bayan Gwaggo ta girma, kuma a al'ada tata ce, da ta ce a bar mata ita babu mai cewa uffan. Jiya na tarar Gwaggo tana yi mata kitso, tana yi tana kwancewa tana sakewa, don dai kada a gama. Da bakinta ta ce a tafi da ita. Ka riƙa kiran ta tana ganin yarinyar, kada ka ce kana aji.

Ranar Talata za mu raka su Kano. Ka je filin jirgi da wuri, ka sa riga mai kyau.

Rahamatu

*

Uskudar
Ƙarshen Oktoba

Rahamatu,

Assalamu alaikum. Sun sauka lafiya, Alhamdulillahi. Ki fara gaya wa Gwaggo kafin ki ƙarasa karantawa. Man shanu bai tsira ba, amma daddawa ta shigo, yanzu haka duk benen ya san Hausawa sun tare. Labule ya hau daidai kamar a nan aka auna. Zulaikha ta fi awa guda a baranda tana kallon jirage, ta ce ruwan nan duk ba mai shi?

Tsohuwa Nuriye ta ce ba za a ɗauko mata 'yan haya tana zaune ba. Ta ɗaura kallabin unguwa, ta sa jikanta ya kai mu filin jirgi a motarsa. Ga ni tsaye a wajen jira, ga tsohuwa a gefena, ga mutane maƙil. Da ƙofa ta buɗe na hango su, Zulaikha tana tura kaya, yarinyar tana riƙe da gefen hijabinta, kitson Gwaggo raɗau a kanta. Tana rarrafe na bar ta, yanzu ga ta da takalmi mai fitila tana taku.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙafata ta so ta yi abin da ta saba. Na gaida Zulaikha a tsaye, na tambayi hanya, na kama akwati, idona a ƙasa. Yarinyar ta leƙo ta bayan uwarta tana kallona. Ta ja hijabin ta ce, “Umma, wannan mutumin cikin wayar Gwaggo ne?”

Zulaikha ta buɗe baki za ta amsa, sai ta fasa. Ta dube ni. Tsohuwa ma ta dube ni.

Na saki akwatin. Na tsuguna a tsakiyar mutane, na miƙa hannu, na ce, “Zo nan, Khadijat. Ni ne babanki.”

Ta yi ɗan tunani, sannan ta zo. Rahamatu, ashe tana da nauyi. Ban sauke ta ba har gida.

Musaddiƙ